Miron Solomka Ya Kashe Ubansa a Shafi na 211

Cikin shekara uku Miron Solomka ya rubuta littattafai goma sha uku, kuma babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Artur Klik ake bugawa a bango, da jajayen haruffa masu ɗigar jini. Shi ya zaɓi sunan da kansa, ya yi kwana uku yana ɗanɗana shi a baki, don a ganinsa ba mai sayen labarin ƙarewar duniya daga hannun wani wai shi Solomka. A nan kam ya yi gaskiya, abin da ba kullum yake yi ba.

Dukkansu na jerin Ƙasar Toka ne. Asalin abin wasan kwamfuta ne: wata tashar nukiliya ta fashe, guba ta cinye ƙasa, soja suka kewaye ta da waya, wasu marasa aikin yi masu takunkumin gas suna kutsawa ciki neman arziki, dodanni kuma suna cinye su ɗaya bayan ɗaya. Da wasan ya karɓu, wani kamfanin buga littattafai a Mosko ya sayi izini, ya buga ganga, mayunwatan marubuta suka taso daga Kharkiv da Rostov da Minsk. Mun kai mu arba'in lokacin da kasuwar ke ci, kowannenmu yana gaya wa kansa cewa na ɗan lokaci ne, kafin ya zauna ya rubuta littafinsa na gaskiya.

Aikin ba ya buƙatar basira, in ma kana da ita kaya za ta zame maka. Za a aiko maka da kundin dokoki mai shafi ɗari biyu: wane dodo ke zaune a wace fadama, me ke kashe shi, wane jarumi ne ba a yarda ka taɓa ba don wani marubucin bai gama da shi ba. Sannan a aiko maka da bangon littafinka, wanda aka riga aka zana tun ba ka rubuta kalma ɗaya ba. In mai zanen ya ga dama ya sa jirgi mai saukar ungulu a kife cikin taɓo, to sai ka san yadda za ka kifar da jirgin nan, ko da labarinka duk a cikin rami yake. Wata biyu ake ba ka. Duk shafi goma sai wani ya mutu, in ba haka ba edita ta dawo maka da rubutun, ta sa jan biro a gefe: “Barci nake ji.” Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun yi askin har hannu ya saba.

Masu karatun kuma daidai da marubutan suke. Za su yafe maka komai ban da harsashi. A littafinsa na huɗu Miron ya sa wata bindiga ta harba talatin da biyu alhali talatin take ci, aka yi mako uku ana zagin uwarsa a dandalin intanet. A wannan littafin dai ya kulle budurwar jarumin cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa a babi na shida, ya manta da ita ɗungurungum, har labari ya ƙare ba ta fito ba. Ba wanda ya lura, har editar.

An haifi Miron a 1974, a unguwar ma'aikatan kamfanin tarakta da ke Kharkiv. Ya yi karatun injiniya ya gama da ƙyar, ya yi shekara shida yana sayar da faifan wasanni a kasuwar littattafai, ya yi aure, auren ya mutu ba tare da ɗayansu ya damu sosai ba. A tsakanin nan ya rubuta wani tulin littafi mai shafi ɗari shida, labarin wani saurayi mai zurfin tunani da ke tsaye a taga yana kallon dusar ƙanƙara. Kamfanoni bakwai ya aika wa, ɗaya ne kawai ya yi masa karar ba shi amsa, amsar kuma a'a ce. Tun da ya shiga Ƙasar Toka ya yi tumbi, ya bar gemu, ya sayi rigar soja a gwanjo, ko da yake sojan gaske sun ƙi ɗaukarsa saboda shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa.

Ubansa, Yakiv Petrovich, direba ne tun yana saurayi. A watan Mayun 1986, bayan tashar nukiliya ta gaske ta fashe, yana cikin direbobi goma sha ɗaya da aka kwasa daga garejinsu aka tura can. Wata uku ya yi yana jan tankar ruwa yana wanke tituna. Ya dawo bai ce komai ba, aka bar shi da shirunsa. Bayan wasu shekaru likitoci suka yi masa aiki a maƙogwaro, suka bar masa dogon tabo da murya dusasshiya, tun daga nan ba ya fita sai da ƙyalle ɗaure a wuya, ko da ana zafin Yuli. Miron yana da shekara goma sha biyu lokacin tafiyar. Ya girma gida ɗaya da mutumin da ya shiga wurin da ƙafarsa ya fito, amma da ya tashi cika littattafai goma sha uku da ƙasa mai guba, ko sau ɗaya bai tambaye shi yadda wurin yake ba. Me zai tambaya, ga kundin dokoki a gabansa?

Abu ɗaya ne ke cin ransa. In tsohon zai gabatar da 'ya'yansa sai ya ce, “Wannan 'yata ce Halya, nas ce a asibitin yara. Wannan kuma Miron, yana zama a gaban kwamfuta.” Duk littafin da ya fito sai Miron ya kai masa, tsohon ya karɓa, ya dubi bangon, ya ce madalla, ya kai baranda ya jera, ya ɗora kwalaben tumatir a kai. Mutum mai shekara talatin da shida, da gemunsa da tumbinsa, ba abin da yake so a duniya kamar ya ji ubansa ya ce wa mutane, “Ɗana ne, marubuci ne.” Wannan kam ba abin dariya ba ne, kuma shi kaɗai ne abin da ba na dariya ba a jikin Miron.

To, a cikinmu akwai wata al'ada. In kana so ka girmama mutum, kashe shi za ka yi. Za ka sa shi cikin littafinka da cikakken sunansa da kamanninsa yadda kowa zai gane shi, sannan ka halaka shi. Kuma dole mutuwar ta yi muni ta ba da dariya. In ka harbe shi ya faɗi cikin mutunci, to zagi ne, ma'ana ba ka damu da shi ba. A taron shekara da ake yi kowane Satumba a wani tsohon otal a bayan gari, akan karanta kashe-kashen da ƙarfi, gawar ta miƙe tsaye ta rusuna, jama'a na dukan tebur suna ihu, “A sake! A sake!” An taɓa ɓata abota ta shekara goma don wani ya buga littattafai uku bai kashe amininsa ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa, mu a wurinmu wannan ita ce ƙauna mafi tsada da muke da ita.

A taron 2010 ne Miron ya zauna a gefe, kofin giyarsa ya huce a hannu. Edik ya zo ya faɗa kujerar kusa da shi. Edik mai gyaran kwamfuta ne a wani ofis, bai taɓa rubuta ko wasiƙa ba, amma an kashe shi a littattafai har an daina kiran sunansa, sai dai Gawa.

“Kai Klik, me ya same ka kake zaune kamar wanda ɓarayi suka kwashe wa kaya?”

“Tsohona zai cika saba'in a watan Maris. Na rasa abin da zan ba shi.”

“Saya masa suwaita.”

“Halya za ta saya. Kullum ita ke sayen suwaita.”

Gawa ya goge kumfa daga gashin baki, ya dube shi kamar mai kallon sakarai. “To kashe shi mana! Kai wane irin ɗa ne? Ka kashe ni sau uku, ka kashe matar da ta sake ka, ka kashe mai gidan hayarka, amma uban da ya haife ka ko ƙwarzane ba ka yi masa ba?”

“Ba ya karanta irin namu.”

“Don bai ga kansa a ciki ba ne! Ni da kake gani, sau talatin da ɗaya aka kashe ni. Ranar farko, da wata ƙatuwar tsutsa ta shiga ta kunnena ta fito ta cibiya, na rantse maka sai da na yi hawaye. Suwaita tsufa take yi, malam. Littafi kuwa dubu ashirin za a buga. Mutum dubu ashirin za su san sunan tsohonka. Yanzu wa ya san shi? Mai sayar da burodi?”

Mu biyar ne a teburin, duk manya, wasu da furfura, wasu da 'ya'ya. Babu wanda ya ce kai, tsaya. Cewa muka yi shawara ta yi, wani ma ya ce ya ji haushi da bai yi wa tasa uwar ba kafin ta rasu. Muka haɗa kofuna muka sha don lafiyar gawa mai zuwa.

Amma kisa mai kyau yana son kayan aiki, Miron kuwa da ya zauna rubutu sai ya tarar bai san ubansa ba. Saboda haka wata Lahadi da rana ya hau bene na huɗu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya tarar da tsohon a kicin yana yanka kabeji. Suka gaisa, suka yi maganar tsadar gas, sannan Miron ya yi gyaran murya.

“Baba, can ɗin… yaya wurin yake?”

Yakiv Petrovich ya tsaya da wuƙa a hannu. Sai ya ajiye wuƙar, ya wanke hannu, ya ɗora buta a wuta, ya je falo ya buɗe kabad ɗin gilashi ya ɗauko kofunan marigayiya matarsa masu zanen furanni, waɗanda ba a taɓawa sai da babban baƙo. Shekara ashirin da huɗu ba wanda ya yi masa wannan tambaya a gidan.

“Kyau gare shi,” in ji shi da dusasshiyar muryarsa. “Abin da ba na iya gaya wa mutane ke nan. Itatuwan tuffa duk sun yi fure, shanya tana kan igiya, ba kowa. Sai karnuka. An kwashe mutane a bas, an ce su bar dabbobi, kwana uku za su dawo. Da karnukan sun ji ƙarar mota sai su fito a guje, tsammani suke masu gida ne. Akwai wani ja, mai kunne ɗaya a karye. Kullum sai ya bi tankata tun daga gada har shingen soja, ya fi kilomita huɗu. An hana mu taɓa su, gashinsu duk ƙura ce mai guba. Ina jefa masa burodi ta taga. Wata rana ya tsaya a gaban motar, ya zauna, yana kallona. Na yi minti goma hannuna a kan marfin ƙofa.”

“Ka buɗe?”

“Ban buɗe ba. Na yi oda har ya kauce. Bayan kwana biyu aka turo maharba.” Ya juya kofinsa a kan faranti. “Har yau in na rufe ido shi nake gani, ba tashar ba.”

Miron yana ta gyaɗa kai, fuskarsa cike da tausayi, a cikinsa kuwa murna ce kamar ta mai tsintuwa. Kare! Ga bangon da aka aiko masa ma da karnuka a jiki. Ya kuma lura da yadda tsohon ke taɓa ƙyallen wuyansa in zai yi magana, da yadda yake tattara ɓurɓushin burodi da gefen hannu ya zuba a baki, duk ya adana.

Washegari Halya ta kira shi. Ita ce babba, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa tana yi masa kallon ɗan da aka haifa a kan kuskure ba, amma ranar muryarta a sanyaye take.

“Me ka yi wa Baba? Ya kira ni jiya, mun yi rabin awa. Wai ka zo ka tambaye shi. Ya ce ashe yaron nan ya fara hankali. Har ya gaya wa maƙwabciya kana rubuta wani abu a kan aikinsu. Da gaske ne?”

“Da gaske ne. Kada ki gaya masa, kyautar ranar haihuwarsa ce.”

“Kai Mirosha,” in ji ta, sunan da rabonta da kiransa da shi tun suna yara. “To, Allah ya taimaka.”

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, a ba shi wannan. Sauran babobin ya watsa su kamar yadda ya saba, amma shafuka uku na kisan sau bakwai ya sake rubuta su. Editar ta sa jan biro a gefe ta ce ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Littafin ya fito a ƙarshen Fabrairu.

An yi bikin ranar Lahadi da ƙarfe biyu, a gidan tsohon. Aka haɗa tebura biyu tun daga taga har ƙofar falo, aka aro kujeru a maƙwabta, mutum goma sha shida suka matsu. Ga dafaffen dankali, ga kifi mai gishiri da albasa, ga kitsen alade yankakke siriri, ga kokwamba mai tsami, ga kwalaben giyar votka suna gumi. Yakiv Petrovich ya sa kwat ɗinsa mai lambar yabo a ƙirji, ya ɗaura sabon ƙyalle a wuya. Cikin direbobi goma sha ɗayan nan uku ne suka rage: shi, da Kawu Tolya mai sanda, da Kawu Semyon wanda kunnensa ya mutu. Tamara Ivanovna ma ta zo, wadda mijinta Vitya shi ne abokin tuƙin Yakiv a tankar, ya rasu tun 1991. Aka sha kofi na farko don mai biki, na biyu don 'ya'yansa. Na uku aka sha a tsaye, shiru, ba a haɗa kofuna ba, don waɗanda ba sa nan.

Halya ta ba da suwaita. Sai Miron ya miƙe da littafi a hannu, da ɗan yatsa maƙale a tsakanin shafuka. Ana ta hayaniya, ba mai kula shi. Tsohon da kansa ya ɗauki cokali ya bubbuga kofi.

“Jama'a, ku saurara. Ɗana ya rubuta wani abu a kanmu. Tolya, gaya wa Semyon a kunne. Ɗana ne zai yi karatu.”

Miron ya tsaya cak da littafin a hannu. Ɗana, har sau biyu, a gaban mutane. Da yana da hankali ko na kaza, da ya rufe littafin nan ya ce ya fasa, ya rungumi tsoho ya zauna ya ci dankalinsa. Amma shi gani ya yi an buɗe masa fage. Ya buɗe shafi na 211, ya gyara tsayuwa, ya saki muryar da yake karatu da ita a taron Satumba.

Ya karanta yadda wani tsohon direba, Yakiv Petrovich Solomka, mai dusasshiyar murya da ƙyalle a wuya, yake jan tankar ruwa a titin Ƙasar Toka yana tattara ɓurɓushin burodi yana zubawa a baki. A nan aka yi murmushi, Kawu Tolya ya daki kafaɗar tsohon ya ce, “Kai ne sak, Petrovich!” Ya karanta yadda wani jan kare mai karyayyen kunne ya zauna a gaban motar yana kallonsa. Murmushin tsohon ya ɗauke, ya sa hannu ya taɓa wuyansa. Ya karanta yadda direban ya buɗe ƙofa ya sauko yana kiran karen da daɗin baki, sai kan karen ya tsage biyu, wasu talatin suka fito daga cikin ciyawa. Direban ya ruga, wandonsa ya zame ya harɗe shi, ya faɗi da gindi a sama yana kiran uwarsa da muryar agwagwa. Suka fara da ƙyallen, suka buɗe tsohon tabon kamar zif ɗin jaka. Shafi biyu suna ci. Ba a bar komai ba sai takalmi ɗaya a tsaye a tsakiyar titi, da ƙafa a ciki.

Miron ya rufe littafin ya ɗago kai yana haki, yana jira. Ba ka jin komai sai ƙarar firij daga kicin. Kawu Semyon, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya fara tafi, ya dubi fuskokin mutane, ya sauke hannuwansa a hankali. Shi kuwa gogan naku sai ya ɗauka ba su san tsarin ba ne. Ya bubbuga tebur da tafin hannu don ya nuna musu, ya ce da 'yar dariya, “A nan sai a ce, a sake! Baba, kai kuma ka miƙe ka rusuna.”

“Miron,” in ji Halya a hankali, “zauna.”

“A'a, ba ku gane ba ne. Al'ada ce, girmamawa ce! A wurinmu ba kowa ake yi wa ba. Akwai wani abokina, sau talatin da ɗaya aka kashe shi, har alfahari yake…”

Kawu Tolya ya jingina sandarsa da tebur. “Namu takwas ne, yaro. Sau ɗai-ɗai aka kashe su, kuma ba wanda ya miƙe ya rusuna.”

Tamara Ivanovna tana kallon farantinta. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Yakiv, jan karen nan, shi ne wanda Vitya yake ba ni labari?”

Tsohon ya miƙa hannu ya jawo kwanon dankali ya tura tsakiyar tebur. “Ku ci, zai huce,” in ji shi. “Halya, kawo naman.”

Aka kawo naman. Bikin saba'in ba a tashinsa don wani ya yi wauta. An yi cefane, an aro kujeru. Aka ci, aka sha, aka yi maganar fansho da ciwon gwiwa, wata maƙwabciya ta rera waƙa. Awa biyu Miron yana zaune a wurinsa, littafin a cinyarsa, kwanuka suna wucewa ta gabansa daga hannu zuwa hannu. Ya yi ta leƙen fuskar ubansa, bai ga fushi ba, sai ya fara kwantar wa kansa da hankali: tsofaffi ne, abin ya zo musu ba zato, in tsoho ya karanta shi kaɗai a natse zai ga irin aikin da aka zuba.

Da aka kawo shayi, lokaci ya yi da mai biki zai mayar da jawabi, ya gode wa kowa da sunansa kamar yadda aka saba. Yakiv Petrovich ya dafa tebur ya miƙe, ɗan kofi a hannu. Ya fara daga damansa. Ya gode wa Tolya, ɗan'uwan da uwa ba ta haifa masa ba. Ya gode wa Semyon da ƙarfi a kunne, aka yi dariya. Ya gode wa Tamara, ya ce muddin yana numfashi gidansa gidanta ne. Ya gode wa maƙwabta, masu kujeru da mai waƙa. Ya gode wa Halya, 'yarsa, wadda ta tsaya a kan ƙafarta tun asuba, ya ce uwarta tana gani. Haka ya bi tebur mutum-mutum har ya zagayo kan Miron, wanda ya riga ya gyara zama.

Tsohon ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa wanda aka haɗu da shi a layin asibiti.

“Sai kuma baƙonmu da ya yi mana karatu. Malam, mun gode, Allah ya ba da kasuwa. Halya, ɗauko masa rigarsa, kada mu tsare shi, na san yana da ayyuka.”

Ya shanye kofinsa ya zauna. Halya ta kawo rigar sojan ta riƙe masa, ba ta dube shi ba. Dole mutum huɗu suka tashi suka janye kujeru kafin ya samu hanyar fita, kowa yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Aka rufe ƙofa a bayansa a hankali.

Tsakanin bene na uku da na biyu Miron ya zauna a kan matakala ya yi kuka. Kukan gaske ne, da majina da sheshsheƙa, irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne uwarsa. A nan ya gane cewa abin da ya yi shekaru yana nema an ba shi yau da ƙarfe uku, ya riƙe shi na minti goma, kuma ba za a sake ba shi ba. Yana jin motsin kujeru a sama, wani ya sake ɗauko waƙa.

Ya goge fuska da hannun riga ya sauka. A tashar bas akwai sanyi, motar kuma ta yi jinkiri. Yana tsaye maganar tana ta yi masa yawo a kai: baƙonmu da ya yi mana karatu, ɗauko masa rigarsa, kada mu tsare shi. Gajera ce, ba zagi ba ɗaga murya, amma ta yanka har ƙashi. A littafin da yake kai, babi na tara, akwai wani tsohon kwamanda da zai kori mataimakinsa daga sansani, kuma mako guda ke nan ya rasa abin da zai sa masa a baki. Miron ya cire safar hannu da haƙori, ya ciro waya, ya rubuta maganar uban kalma bayan kalma tun bai manta ba.